Ruwa Ba Ya Tozo

Dar es Salam, Yamai
Safiyar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Rabi, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, Uwata, ina kuma roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya kai motarku lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da aka tura ki. Mamanki zan bai wa takardar ta cusa miki a jaka gobe, don na san kaina. Na yi shekara talatin da biyu ina zuba a gaban allo, amma in na zauna gabanki zan yi wannan maganar, sai in tsinci kaina ina tambayarki ko kin ɗauki gidan sauro.

Jiya da la'asar kuna tsintar shinkafa ke da mamanki, ni ina kishingiɗe ƙarƙashin dogon yaro, kun ɗauka barci nake. To ba barci nake ba, tsohon malami da kunne ɗaya yake barci. Na ji kin ce mata: “Mama, in suka ba ni ƙananan yara masu koyon baƙaƙe, zan zauna. Amma in suka ce in riƙe aji shida, in koyar da lissafin kuɗi da awon siffofi, wallahi haɗa kayana zan yi in dawo. Kaina ba ya ɗaukar lissafi, kin sani.”

Rabi, na san makarantar ƙauye. Malamai biyu ne ko uku, kuma wanda ya fito sabo daga makarantar malamai shi ake ɗora wa manyan yara. Aji shida za a ba ki, ko shakka babu. In kika dawo, kin zubar da shekarun da kika yi kina wahala, kuma a kan ƙarya kika zubar da su. Don maganar nan cewa kanki ba ya ɗaukar lissafi ƙarya ce aka dasa miki, kuma na san wanda ya dasa ta. Zan zo kansa. Amma ki yi haƙuri da ni in bi ta doguwar hanya, ki fara jin irin wautar da ubanki ya tafka a wannan aiki, ko kin samu abin ɗauka.

Ina da shekara ashirin da ɗaya na sauka Yamai daga ƙauyenmu na ƙasar Konni, da akwatin ƙarfe ɗaya da girman kai cike da buhu. Aka ba ni aji a wata makaranta a unguwar Kalley. Yaran ɗiyan ƴan kasuwa ne, da na teloli, da na direbobi. Zabarmawa, Hausawa, Fulani, kowa da kowa. A lokacin Faransanci kaɗai ake yi a aji, wanda ya kuskura ya yi harshen gidansu ya sha bulala. Sai in rubuta musu a allo: wata mata ta sayi kaya na tamma ɗari uku da saba'in da biyar, ta ba da ɗari biyar, nawa za a mayar mata? Sai ka ga yara sun zuba mini ido kamar na yi musu Sinanci. Wasu su ƙirga yatsu, wasu su ciji alli. Ni kuwa in hau su da faɗa, in kira su jakuna. Allah Ya yafe mini, shekara huɗu na yi a haka.

Ran nan wata Asabar na shiga kasuwar Petit Marché cefane. Kai, kasuwar nan a wancan zamani! Ƙamshin yaji da na ɗanyen nama da na kifin kogi duk a haɗe, nan ana ciniki da Zabarmanci, can da Hausa, wani lokaci a jimla ɗaya a haɗa su biyu. Na tsaya wata rumfar hatsi inda wata budurwa ke awo, na sayi gero da wake da albasa da ɗan man gyaɗa. Na zaro alƙalami daga aljihun gaba, da yanga, don kowa ya san Mushe, malamin boko, ya zo. Ban kai ga cire murfinsa ba ta ce, “Dala ɗari da sittin da biyar, Mushe.”

Na ce a raina, ke wa? Na haɗa a tafin hannuna, ya zo daidai da nata. Na sake haɗawa, ina fatan in kama ta da kuskure. Sai ta tallabe haɓa ta ce, “Ka gama, ko in shimfiɗa maka tabarma?”

Mamanki ke nan. Tun daga ranar na zama mai yawan buƙatar wake, har abokaina suka fara tambaya ko rumbu nake ginawa.

Bayan mun yi aure, wata rana na dawo daga makaranta ina ta ƙorafi, ina cewa ɗiyan ƴan kasuwa ne amma ko canji ba su iya ba. Ta ce in faɗa mata tambayar. Na fassara mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Haba Mushe! Wa ka taɓa ji a garin nan yana cewa tamma ɗari uku da kaza? Da dala muke ƙirga, tamma biyar-biyar. Ka ce musu ta sayi na dala saba'in da biyar, ta ba da ɗari, ka gani.”

Ranar Litinin na rufe ƙofar aji don kada direkta, shugaban makarantar, ya ji ina Hausa, na tambaye su yadda ta ce. Ban rufe baki ba ajin ya ɗauka gaba ɗaya: “Ashirin da biyar!” Har na can baya, waɗanda na riga na cire rai da su. Na tsaya da alli a hannu, kunya ta rufe ni. Ashe yaran sun iya abinsu tun daga gida, ni ne ban iya tambaya ba.

Saboda haka, Uwata, ki fara daga abin da ke cikin aljihunsu. Yaron da ake aika sayen gishiri kullum ya riga ya san tarawa da ɗebewa. Ki tambaye shi da dala, in ya amsa, sai ki nuna masa cewa ninkawa biyar kawai zai yi ya samu abin da littafi ke so. Ki kafa musu kasuwa a lungun aji: gwangwanayen da aka zubar, kwalaye, marafan kwalba su zama kuɗi. Wannan ta sayar, wancan ya taya, a yi “albarka”, a yi ragi, a ba da canji. Ajin zai yi hayaniya, direkta zai leƙo, kada ki damu. Ki koya musu bambancin uwar kuɗi da riba, domin da yawansu za su riƙe sana'a kafin su riƙe takardar shaida, kuma na ga mutane da yawa sun cinye jarinsu suna murna wai ciniki ya yi kyau.

Tun da mun shiga zancen kuɗi, bari in koma baya in tona wa kaina wani asiri. Albashina na fari na wata huɗu ne ya fito a dunƙule. Ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. A kwana uku na sayi rediyo mai kaset biyu, da agogon hannu, da tabarau, da wani takalmi mai tsinin baki wanda ya matse ni tun a shago, amma na ce zai saki. Na kwashi abokai muka je bakin kogi na cika su da tsire. Kafin sati biyu sai ga Mushe da gari da ƙuli-ƙuli, safe da rana. Kuma don Allah Ya nuna mini iyakata, a satin nan ne tsarin karatu ya kawo mu darasin yadda maigida ke kasa abin da ya samu. Ina tsaye ina ce wa yara, “Da farko a sayi abinci,” cikina yana ƙugi har na layin gaba suna ji, ƙafata kuma tana zogi cikin takalmi.

Tsohuwar da nake haya a gidanta, wata Bazabarma mai kirki, Allah Ya jiƙan ta, ta lura da ni. Ran nan ta miƙo mini kwanon dambu da zogale, ta dubi ƙafata ta ce da Hausarta ta kasuwa, “Mushe, takalmi shi yi kyau. Amma ba a miya da shi.” Har yau in na ga takalmi mai tsini sai in ji ɗanɗanon dambun nan a bakina.

To ke, ranar da albashi ya shigo, kafin ki gaisa da kowa ki sayi hatsi da mai da sabulu na wata. Ki ware wani abu ki ɓoye inda hannunki ba ya kai wa da sauƙi, saboda ciwo ba ya sallama. Ki kula da wayar nan, ta fi gara cin kuɗi, kaɗan-kaɗan take yi ba a ji. Mu kada ki aiko mana da komai a shekarar fari; rumfar mamanki da ɗan fanshona sun riƙe mu. Kuma kada ki tsaya gaban yara ki koya musu tattali alhali ke ba kya yi. A ƙauye kowa ya san abin da malama ta saya ranar kasuwa.

Yanzu ga awon siffofi, abin da ya fi ba ki tsoro. Ni a zamanina ina alfahari da zane. In na zana akwati a allo, da layukansa na baya ɗigo-ɗigo, malaman wasu azuzuwa har leƙowa suke. Sai in tambayi yara, fuska nawa gare shi? Su ce uku. In buga tebur in ce shida! Su ce shida, don tsoro. Gobe in sake tambaya, su ce uku. Gaskiyarsu, uku suke gani. Ni kuwa ban taɓa tunanin in ɗauko kwalin sukari in ɗora musu a hannu ba.

Abin da ya karya ni kuwa tankin gidan nan ne. Lokacin da muka samu filin nan, unguwar Dar es Salam rabinta gonakin gero ne, da safe har zabi muke gani a bayan gida. Babu famfo, sai masu garuwa. Maƙwabcinmu yana da tankin ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke cin tano biyu, irin manyan gangunan nan na ruwa. Na ce ni mai cin huɗu nake so. Na kai mai walda ya gani, na ce masa, “Irin wannan, amma ka ninka shi biyu ko'ina: tsawo, faɗi, zurfi.”

Ya dube ni ya ce, “Mushe, ko'ina fa ka ce?”

Na ce, “Kai, ni nake koyar da wannan abin. Yi aikinka.”

Da ya faɗi kuɗin na yi ta masifa ina cewa ƙarfe ya yi tsada, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Ranar da aka kawo shi a amalanken jaki, unguwa ta fito kallo. Abu kamar ɗaki! Ƙofa ta ƙi shi, sai da aka fasa katanga. Biyu sau biyu sau biyu, takwas ke nan; tano goma sha shida yake ci, kuma ba mu taɓa cika shi ba ko sau ɗaya. Na sha rubuta wannan ƙa'ida a allo, na sha dukan yara a kanta, amma a allon ta tsaya, ba ta taɓa sauka hannuna ba. Mamanki ta yi wata guda tana ce mini “mai tanki”. Ke kuma da kika fara wayo, cikinsa kike ɓuya in an ce za a yi miki kitso.

Don haka kada ki fara da zane. Ki sa kowane yaro ya zo da wani abu daga gida: kwali, sabulu, gwangwani, ƙwallo, malfa. Su shafa, su juya, su ƙirga fuskokin da yatsa. Ki farke kwalin a gabansu ki shimfiɗa shi, su ga shidan nan kwance. Ki fita da su waje su dubi rumbu, jikinsa siffar gwangwani, jinkarsa siffar malfa. Su kwaɓa laka su yi ƴan dunƙule masu kusurwa, su jera su ga da idonsu cewa sai an haɗa takwas ake samun wanda ya ninka ɗaya ko'ina. Sunayen Faransanci su zo daga baya, ba gudu za su yi ba.

Za ki ce, to ai Baba ya koyi darasi, daga dala zuwa tanki. Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Ga inda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso.

Kina da shekara goma sha ɗaya, kina aji shida, a ajina. Ban sani ba ko kin tuna yadda kike kafin ranar. Ni na tuna. Hannunki ne ke fara tashi, har kina ɗaga gindi daga benci kina kaɗa yatsu. Duk ranar da babu makaranta kina rumfar mamanki kina kallon awo, kuma kanki irin nata ne sak. Ina jin daɗi a raina, amma ban taɓa faɗa miki ba, wai kada a ce ina fifita ɗiyata.

Ranar mai duba malamai ya zo, yana zaune a bayan aji da takardunsa. Ana maganar za a ba ni direkta a shekarar, ina so in burge shi. Na zana gwangwani biyu a allo. Ɗaya siriri dogo, faɗin bakinsa santimita goma, tsawonsa ashirin. Ɗaya faffaɗa gajere, bakinsa ashirin, tsawonsa biyar. Na zaɓi lambobin ne da gangan don cikinsu ya zo daidai wa daida, yara su yi mamaki. Kuma don baƙo ya ga ina haɗa darasi da rayuwa, sai na ce: “Mai awo a kasuwa tana da waɗannan biyu. Wanne ya fi ɗaukar gero?”

Kowa ya duƙufa. Waɗanda suka iya suka samu amsa: ɗaya suke. Na zo kanki da murmushina, na ɗaga allonki don baƙo ya gani. Lissafinki daidai, babu kuskure ko ɗaya, lambobin biyu sun zo iri ɗaya. Amma a ƙasa kin rubuta: faffaɗan ya fi ɗauka.

Na ce, “Rabi, dubi lissafinki. Goge wannan.”

Kika miƙe kika ce, “Mushe, lissafin ɗaya ne. Amma gero ka ce.”

Na ce, “To, sai me?”

Kika ɗaga hannuwanki biyu kina haɗa su sama, kina so ki nuna mini wani abu, kika ce, “Saboda...”

Ban bari kin ƙarasa ba. Na ga baƙo ya ɗago kai yana kallo, na ji kamar ɗiyata ce ke ƙaryata ni a gaban mutane. Na daka miki tsawa na ce, “Nan makaranta ce, ba rumfar uwarki ba!” Na zana miki ƙaton sifiri a allon, na sa ki durƙusa gaban aji har aka tashi. Yara suka yi ta dariya, suka laƙaba miki “ƴar tiya”, sunan ya bi ki har ƙarshen shekara. Da muka koma gida ba ki ci abincin rana ba. Mamanki ta tambaye ki, kika ce kanki ke ciwo. Ta tambaye ni, na ce ban sani ba.

Daga ranar hannunki bai sake tashi ba a darasin lissafi, ko a ajina ko a na wani. Kika koma hadda: abin da littafi ya ce ki haɗiye, ki amayar ranar jarrabawa, ki tsallake da ƙyar. Ina gani, amma na ce wa kaina girma ne ya zo miki, ƴan mata haka suke. Direktan kuwa an ba ni.

Shekara uku da suka wuce, kina makarantar malamai, ni na yi ritaya, mamanki ta tafi Konni biki ta bar mini rumfar da ta dawo da ita ƙofar gida. Ta nuna mini gwangwanin da take awon gero da shi, wani dogo, wanda duk unguwa ta san shi ta san kuɗinsa. Kwana ɗaya da tafiyarta wata maƙwabciya ta are shi ba ta dawo da shi ba. Na duba na ga wani faffaɗa da take kwasar wake da shi. Da aka dawo da dogon washegari, na ce bari in yi abin masu ilimi: na cika shi da ruwa, na juye a faffaɗan, ya cika shi cif, ko ɗigo bai zuba ba. Na ce madalla, ɗaya suke. Faffaɗan ya fi daɗin kamawa, sai na ci gaba da shi.

Kai, ciniki ya buɗe! Mata har daga wata unguwa suke zuwa, suna cewa, “Mushe, hannunka da albarka.” Ni kuwa ina ta washe baki, ina shirya yadda zan yi wa mamanki gori. Buhun da take kwana biyar tana sayarwa, kafin kwana huɗu ya ƙare.

Da ta dawo ta ɗaga buhun, ta dubi abin da ke cikin gwangwanin kuɗi, ta dube ni. Ta ce, “Mushe, sadaka ka yi da geron?”

Na ce, “Wace irin sadaka? Ɗaya suke. Da ruwa na gwada.”

Ta ce, “Ruwa nake sayarwa?”

Ta jawo faifai, ta buɗe sabon buhu. Ta cika dogon yadda ake awo, ta yi ta zuba har gero ya hau bisa baki ya yi tozo, ɗan tsororo kaɗan. Ta cika faffaɗan haka nan, sai ga tozo ƙato ya tashi a kansa kamar malfa. Ta zazzage dogon, ta juye na faffaɗan a cikinsa. Ya cika, ya yi tozonsa, sauran ya yi ta malala a faifai.

Ta ce, “Ruwa ba ya tozo, Mushe. Iyakar faɗin baki, iyakar abin da zai hau kai. Wannan ai Rabi tun tana shekara bakwai ta san shi.”

Uwata, na zauna a kan buhun. Na ga hannuwanki biyu ƙanana suna haɗuwa sama. Tozon kike nuna mini.

Da azahar na ɗauko takarda na sake zana gwangwanayen nan biyu na allo, don lambobinsu ba su taɓa fita kaina ba. Na auna tozon kowanne. Na faffaɗan ya ninka na siririn sau takwas, ya kai kusan sulusin abin da ke cikin gwangwanin kansa. Kuma tozon nan shi ne siffar malfa, darasin da ban ma kai ku ba a lokacin, sai sati biyu gaba. Ke kin gan shi zaune a kan gwangwani tun ban koyar da shi ba. A ajin nan mu kusan sittin ne har da mai duba malamai, kuma mutum ɗaya ne ya amsa tambayar da na yi. Shi na sa ya durƙusa.

Na faɗa wa mamanki komai a ranar, har da abin da na ce game da rumfarta. Ta ce, “Nawa na yafe. Na yarinyar kuwa, ka je ka faɗa mata da bakinka.” Na ce to. Kika zo hutu, na ce sai ta huta. Kika sake zuwa, na ce ƙila ta manta, kada in tayar da tsohon miki. Shekara uku ina wannan. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini ido. Sai jiya da na ji ki da kunnena na tabbatar ba ki manta ba, kin dai mayar da laifin a kan kanki ne.

To ki saurara, Rabi. Amsarki daidai ce. Tawa ce ba daidai ba. Kanki ya ɗauki lissafi fiye da nawa, kuma ban taɓa koyar da yaro mai ido irin naki ba. Sifirin nan nawa ne, ni na cancance shi. Na zalunce ki a gaban mutane saboda kujera, na kuma bar ki kina ɗauke da abin shekara da shekaru. Ina jin kunya, ina kuma baƙin ciki. Ki yafe mini don Allah.

Ki karɓi aji shida. In yaro ya ba ki amsar da babu ita a littafi, kada ki yi saurin ɗaga jan alƙalami, ko wa ke zaune a bayan aji. Ki ce masa, “Me ya sa ka ce haka?” Sannan ki rufe bakinki ki jira, ko da zai yi in'ina, ko da da hannu zai nuna. Wani lokaci shirme zai faɗa, sai ki gyara masa a hankali. Wani lokaci kuma ke za ki ƙaru.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da kika kai darasin gwangwani, ki aro gero tiya ɗaya a maƙwabta, ki kai aji, ki ƙarasa wa yaranki maganar da na katse miki. In an tashi, ki kira ni a waya, ni ma ki faɗa mini ita, tun daga “saboda” ɗin. Zan yi shiru har ki gama.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum da na ciwo. Allah Ya sa garin ya karɓe ki, Ya buɗe ƙirjin yaran da za a damƙa miki, Ya ba ki haƙurin da ni ban samu ba. Ki riƙe salla, ki gaida manyan gari, ki tafasa ruwa kafin ki sha. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake tana nan kusa da ke tana ɗaure miki yaji. Allah Ya sa in ga wannan rana da raina.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mushe Isuhu